Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Igiyar da Ta Riƙe Buhu Lafiya Take Tsinkewa In An Fizga?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonni huɗu na zaɓo, biyu daga Zamfara biyu daga Kebbi, masu su ba su san juna ba amma duk a wuri ɗaya suka faɗa, wato maganar ɗaga kaya sama. Na ɗan gyara rubutun wasu kaɗan, sauran na bar su yadda suka zo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan ajin ƙarshe ne na sakandare a nan Gusau, muna shirin WAEC. An ba mu tambaya a gwaji wai an ɗaure kaya mai kilo 20 da igiya ana jan shi sama, gudun shi na ƙaruwa da mita 2 a sakan cikin kowane sakan, a nemo ƙarfin da igiyar ke ja da shi. Ni dai na san F = ma, na buga 20 sau 2 na samu 40, malaminmu ya zabga min jan biro ya rubuta 240, na tambaye shi ya ce in je in yi tunani. Dan Allah ina 200 ɗin ta fito? Daga wani ɗalibi, Gusau.

AMSA: Ɗana, malaminka ya yi daidai, kuma 40 ɗinka ma tana da gidanta a cikin lissafin, kawai dai ba ita aka tambaye ka ba. Wannan F ɗin da ke cikin dokar Newton ta biyu, wato F = ma (ƙarfi daidai yake da kilon kaya sau ƙaruwar gudunsa), ba ƙarfin igiya ba ne shi kaɗai, abin da ya rage ne bayan an haɗa duk wani ƙarfi da ke taɓa kayan, na sama da na ƙasa, an cire wannan daga wancan. Kai ka ga igiya tana ja sama sai ka manta ƙasa ma tana ja, kuma ita ba ta hutu, ko kayan yana tsaye ko yana tafiya.

Ka ɗauka kamar bashi ne. Ƙasa tana bin kowane kilo ɗaya bashin niyuton 10 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), to kaya mai kilo 20 ana bin shi 200, kuma duk abin da igiya ta kawo sai an fara biyan wannan 200 ɗin tukuna, abin da ya yi rara shi ne zai sa kayan ya ƙara gudu. Tambayarku na son ƙaruwar gudu ta 2 a kan kilo 20, wato rarar 40 kenan, wadda ka samo da kanka. Toh igiya dole ta kawo 200 na biya da 40 na rara, shi ne 240. A rubuce, in T ita ce jan igiya, m kilon kayan, g wannan 10 ɗin na jan ƙasa, a kuma ƙaruwar gudu: T − mg = ma, sai T = mg + ma = 200 + 40 = niyuton 240. Shikenan, babu wani siddabaru.

Wannan 10 ɗin ma ragi ne ake yi muku don lissafi ya zo da sauƙi, ainihin adadin kusan 9.8 ne, kuma ba daidai yake a ko'ina ba, a kan layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, wanda muke kusa da shi, wajen 9.78 ne, can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu inda ƙanƙara take ya kai 9.83. Da 9.8 aka ce ka yi amfani da amsar ta zama 236. Ka duba kan takardar tambaya, kusan kullum suna rubuta wanda suke so. In kuma kana son ka ji niyuton a hannunka, ɗauki ledar fiya wata guda, rabin kilo ce, jan da take yi wa hannunka ƙasa kusan niyuton 5 ne.

Yanzu bari in ja kunnenka kan tarkon da ya fi wannan kama yara. Da yawa suna haddace cewa in kaya na hawa sama a haɗa, T = m(g + a), in yana sauka a cire, T = m(g − a), wasu malaman ma haka suke bayarwa a allo don a wuce wurin da wuri, ni kuwa gaskiya ban yarda da wannan hadda ba don tana kayar da mutum. Dokar ba ruwanta da inda kaya ya nufa, abin da ta sani shi ne gudun yana ƙaruwa ne ko yana raguwa, kuma ta wane ɓangare. Kayan nan naka mai kilo 20, in yana hawa da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, igiya 200 take ja cif, daidai da in yana rataye shiru ba motsi. Mutane na jin wannan su ce ba zai yiwu ba, ai yana tafiya, amma haka ne, tafiyar da aka riga aka fara ba ta neman rara, canjin gudu ne ke nema. In yana hawa amma ya kusa kaiwa ana rage gudu da 2, igiya 160 kawai take ja duk da sama yake tafiya. In kuma yana sauka ana taka masa birki da 2, igiya ta koma 240 duk da ƙasa ya nufa. Kaga wanda ya haddace "sama haɗa, ƙasa cire" ya faɗi tambaya biyu kenan.

Abin da zan ba ka shawara, kafin ka taɓa kalkuleta zana ɗan akwati a gefen takarda, kibiya ɗaya sama ka rubuta T, ɗaya ƙasa ka rubuta mg, sannan a waje ka sa wata ƙarama mai nuna ɓangaren da gudu ke ƙaruwa, in kuma raguwa yake ta kalli kishiyar inda kayan ya nufa. Kibiyar da ta bi wannan ɓangaren ita ce babba, ka cire ɗayar daga cikinta, abin da ya rage shi ne ma. Minti ɗaya bai cika ba ka gama.

Shi Isaac Newton mutumin Ingila ne, a 1687 ya fitar da dokokin nan uku cikin littafinsa Principia da harshen Latin, abokinsa Edmond Halley ne ma ya biya kuɗin bugawa. Kuma bai rubuta F = ma yadda kuke gani a allo ba, da kalmomi ya faɗa, cewa canjin motsi yana tafiya daidai da ƙarfin da aka sa kuma ta ɓangaren da aka sa shi, sai daga baya wajen 1750 Leonhard Euler ya zuba ta cikin irin lissafin da muke amfani da shi yau. Wani abin da zai ba ka sha'awa, rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969, nauyinta lokacin tashi wajen tan 2,900 ne, injinanta na turawa da wajen niyuton miliyan 34, amma sama da miliyan 28 duk a biyan ƙasa suke tafiya, ɗan abin da ya rage in ka raba da nauyinta sai ka samu kusan 2. Wato da irin ƙaruwar gudun da ke cikin tambayar gwajinku ta bar ƙasa, shi ya sa in ka kalli bidiyon tashinta za ka ga kamar da ƙyar take ɗagawa a sakannin farko.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ina gajiya. Ni magini ne, muna aikin wani bene nan Birnin Kebbi. Muna da igiya da muke jawo siminti da bulo sama da ita, mun daɗe muna aiki da ita, har buhu biyu mun taɓa ratayawa ta riƙe. Rannan buhu guda tal munka ɗaura, yaran da ke sama sunka fizga da ƙarfi don suna sauri a tashi, igiya ta tsinke buhu ya hwaɗo, Allah ya kiyaye ba kowa a ƙasa. Wanga abu ya ɗaure min kai, mi ya sa ta riƙe biyu ta kasa guda? Wasu na cewa baki ne. Daga wani magini, Birnin Kebbi.

AMSA: Oga sannu da aiki, Allah ya ƙara kiyayewa. Ba baki ba ne, hannun yaranka ne, kuma lissafin bai da wuya. Buhun siminti kilo 50 ne, in yana rataye shiru igiya na ɗauke da niyuton 500, buhu biyu 1,000, wannan ka gani da idonka ta iya. Amma fizga wani abu ne daban. A ce buhun yana ajiye a ƙasa, matasa biyu ko uku masu jini a jika suka ja lokaci guda, cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan ya tashi daga tsaye zuwa gudun mita 2 a sakan, ƙaruwar gudun ta zama 10 kenan, sai ka lissafa 50 sau 10 na nauyi da wani 50 sau 10 na fizga, 1,000. A wannan ɗan ƙiftawar ido igiyarka buhu biyu take ɗauke da shi ba ɗaya ba. In kuma igiyar ta yi sako-sako kafin su ja, suka samu damar tattaro gudu kafin ta ɗame, lokacin da buhun zai ɗauki gudun ya ƙara gajarta, rabin wancan lokacin ya kai ka 1,500, buhu uku kenan a igiyar da rana ta riga ta gasa.

Wanda ma ya fi wannan haɗari, kuma shi nake so ka gaya wa leburorinka da babbar murya, shi ne saukowa. Ana sauke kaya igiya ta suɓuce wa mai riƙo, kaya ya tafi, sai ya damƙe ko igiyar ta maƙale a ƙarfe ta tsaya cak. Mu ce buhun ya faɗo mita ɗaya kacal babu riƙo, igiya ta tare shi ta miƙe da santimita 10 kafin ya tsaya. Gudun da ya tara a mita ɗaya dole a kashe shi cikin kashi ɗaya bisa goma na wannan nisan, saboda haka birkin ya ninka jan ƙasa sau goma, ka ƙara nauyin buhun kansa, igiya ta sha kusan niyuton 5,500. Buhu goma sha ɗaya fa. Wace igiyar kasuwa ce za ta ɗauki wannan? Kuma ko igiyar ta tsira, katakon da aka rataya ta ko kafaɗar yaron da ya naɗe ta a hannu su za su biya.

Dalilin kenan da masu aikin kiren, wato injin ɗaga kaya, ba sa loda wa wayarsa ta ƙarfe abin da za ta iya ɗauka har ƙarshe, ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarfin tsinkewarta ya ninka kayan kamar sau biyar, in mutum za a ɗaga kuma a kai sau goma. Su ma direbobin kiren in ka lura a hankali suke fara ɗagawa sai waya ta ɗame tukuna, ba don lalaci ba ne. Ka ƙara da cewa ƙulli yana rage ƙarfin igiya sosai, wani ƙullin har kusan rabi, kuma igiyar roba irin mai launi ɗin nan in ta daɗe a rana tana fara yin gari-gari a hannu, in ka ga haka ta gama aiki, a mayar da ita shanya. Gefen dakin da igiya ke gogawa ma a sa mata tsumma ko guntun taya.

Wannan amsar har da 'yan'uwanmu masu haƙar rijiya da masu shiga ramin zinare ta wajen Anka da Bukkuyum, don su abin nasu ya fi muni, akwai mutum a ƙarƙashin bokitin kuma ba shi da wurin gocewa, sannan rami mai zurfi igiyar kanta tana da nata nauyin da ke ƙaruwa a kan na ƙasar da aka ɗebo.

TAMBAYA: Malam ni ina sana'ar kifi tsakanin Yauri da Argungu. Ina lura in an rataya kifi a sikeli mai ƙugiya allurar tana wucewa sannan ta dawo, wani lokaci mai sayarwa ya yi wuf ya karanta tun ba ta tsaya ba, mu yi ta gardama. Wanne ne nauyin gaskiya? Daga wata 'yar kasuwa, Argungu.

AMSA: Hajiya, naki ne daidai, a jira ta tsaya. Sikelin nan sifirin ne a cikinsa, kuma abin da yake aunawa shi ne yadda ake jan ƙugiyarsa, ba ya sanin kifi ne ko dutse. In an saki kifin a kan ƙugiya ya ɗan faɗa, sifirin sai ya ja fiye da nauyinsa kafin ya tsayar da shi, allura ta wuce. Haka in mai riƙe da sikelin ya ɗaga hannu sama da sauri, kifin kilo 10 da aka ɗaga da ƙaruwar gudu ta 2 zai nuna 12, kilo biyu na iska kenan za ki biya. In ya sake hannu ƙasa kuma ya nuna 8, wannan kuma dabarar mai saye ce, don haka kowa na da nasa. Maganin gardama a rataya sikelin a jikin itace ko ƙarfe maimakon hannun mutum, a ƙirga uku. Ku da kuke ganin giwan ruwan da ake fitarwa daga Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, wanda wani ke haura kilo 70, kin ga a irin wannan ɗan motsi kaɗan kilo nawa zai ƙara, ga kifin ma da ransa yana bugawa.

Irin wannan ne mutum ke ji a cikinsa in ya shiga lif a dogon bene. Mai kilo 60 in ya tsaya a kan sikeli a ciki, lif ya tashi da ƙaruwar gudu ta 1, zai ga 66, a tsakiyar tafiya ya dawo 60, in ya kusa tsayawa a sama ya ga 54, alhali ko loma ɗaya bai ci ba bai rage ba. 'Yan sama jannatin da kike gani a talabijin suna shawagi a tasharsu ma ba wai jan ƙasa ya ƙare a can ba ne, nisansu wajen kilomita 400 ne kuma jan yana nan kusan kashi 90 cikin 100, abin da ke faruwa su da tashar tare suke faɗuwa suna zagaya duniya, babu abin da ke tokare ƙafarsu, da za su hau sikeli sifiri zai nuna.

TAMBAYA: Malam a raba mana gardama. Maigidana ya sa an rataya wili a saman rijiyarmu ana zura igiyar guga, ni dai na ji janyo ruwa ya yi min sauƙi sosai, amma ɗana da ke karatu a poli ta Ƙauran Namoda ya ce wai wilin bai rage ko kilo ɗaya ba. Ni ke jan ruwan ko shi? Daga wata uwa, Talata Mafara.

AMSA: Mama ke ke jan ruwan, kuma sauƙin da kika ji gaskiya ne, amma yaron ma bai yi ƙarya ba. Guga mai lita 10 kilo 10 ne na ruwa, niyuton 100, in wili ɗaya ne rataye a sama to ko ta wane ɓangare kika ja sai kin kawo wannan 100 ɗin, da ɗan ƙari ma in wilin ya yi tsatsa ba a sa masa mai. Abin da ya canza shi ne da kina sunkuye a bakin rijiya kina ja sama da baya da damatsa, igiya na gogar bakin rijiya tana cin wani ƙarfin, yanzu kuwa a tsaye kike kina ja ƙasa, nauyin jikinki na taya ki. Bayanki ne ya huta, gugan yana nan yadda yake. In ana son ragi na gaske sai an ƙara wili na biyu wanda ke tafiya tare da gugan, igiya biyu su raba kayan, ki ja da 50 maimakon 100, amma rijiya mai zurfin mita 15 sai kin janyo igiya mita 30, don aikin da za a yi bai ragu ba, shimfiɗa shi aka yi.

Abu ɗaya da ya kamata gidan ku sani game da wili guda: mai ja ƙasa ba zai iya ja fiye da nauyin jikinsa ba, in ya wuce nan ƙafarsa ce za ta bar ƙasa. Guga ba matsala, amma ranar da aka zo yashe rijiyar ana fito da laka da babban bokiti, kar a bar yara su kama igiya, balle su naɗe ta a wuyan hannu. Yaro mai kilo 30 a wannan gefe, bokitin laka mai kilo 50 a wancan, bambancin niyuton 200 ne a kan jimillar kilo 80, ƙaruwar gudu ta 2.5 kenan, bokiti ya yi ƙasa yaro ya yi sama, kafin sakan ɗaya ya cika ya tashi fiye da mita ɗaya ya nufi wilin da ke saman bakin rijiya.